Masarata na zubewa a bakin injin girbi: in nemi burushin heda ne, ko ciwon a wani wuri yake?

Baban Sadiya, Saminaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san injin girbi ciki da bai, musamman direbobi da makanikai, domin saura kwana shida ya sake shiga gonata, kuma abin da idona ya gani a gonar farko ya tsaya mini a rai.

Shekara 19 ke nan ina noman masara a ƙasar Lere, kuma duk da hannu muke yi: a karya, a ɓare, a tara, a kira mai injin casa. Bana 'yan ƙwadago sun yi wuya, wanda ka samu ma kuɗinsa ba a magana, ga fargabar shanu, ga masu zuwa da buhu cikin dare. Sai muka haɗa kai mu huɗu muka ɗauko hayar kombain, wato injin girbi, mai hedar masara. Heda ita ce bakin injin da ke tsinke goyo, layi huɗu take ci a tafiya ɗaya. Gonar farko hekta 8 ce, shanu suka yi huɗa, mata suka bi da shuka. Aikin da kan cinye mini mako biyu da mutum talatin, inji ya shiga da hantsi, kafin kiran la'asar ya fita. Ranar na yi murna ƙwarai.

Da rana ta yi sanyi na zaga gonar ni kaɗai. Daga tsaye ba ka ganin komai sai ɓawo da karmami sun rufe ƙasa. Na durƙusa na yaye ɓawon da hannu, sai ga ƙwayoyi farare fes a kwarin kunya, kamar an watsa wa kaji tsaba. Na matsa taku goma na sake yayewa, haka. Na tsinci goyo guda, samansa cike, gindinsa kuwa a gwaguye, totuwa a fili kamar ɓera ya kwana a kansa. Can gefe ga wasu goyon lafiyayyu a yashe, ko ɓawonsu ba a taɓa ba.

Washegari matan ƙauye suka fito kala. Ban hana su ba, ba kuma zan hana ba, don da kala mahaifiyata ta rufa mana asiri shekarar da babanmu ya kwanta ciwo. Amma na tsaya na ƙirga abin da suka fita da shi, buhun goyo ya haura ashirin. Wannan aƙalla ya shiga cikin mutane. Ƙwayar da ta zube fa, wa zai tsince ta? Sai zabi da kurciya da gara.

Bara gonar nan buhu 47 ta ba ni a kowace hekta. Bana masarar ta fi kyau a ido, taki ya samu a kan kari, amma 41 na ɗaure. Da na yi wa direban magana sai ya ce haka inji yake, dole ya zubar.

Ɗana ya nuna mini bidiyo a YouTube, wasu manoman Amurka sun ɗaura wa sarƙar hedarsu wani abu kamar burushi, wai yana tare ƙwayar da ke zubewa. Tambayata: shi ne maganin? Ana samunsa a Kaduna ko Kano? In ana samu, ya dace in saya alhali injin ba nawa ba ne? Gona ta biyu hekta 6 ce ta wajen Kauru. Ita tarakta ta shuka da falanta mai layi huɗu, tazarar santimita 75, iri kuma na kamfani. Sai dai iskar ƙarshen damina ta kwantar da wani sashe ta bakin rafi, gara kuma ta fara shiga gindin karan. Don Allah a taimaka mini.

Makaniken Kakuri

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina kwance heda ina ɗaurawa, kuma maganar direban nan ban karɓe ta ba. Gaskiya ne babu injin da ke kwashe ƙwaya duka. Amma wanda aka saita daidai, a masarar da take tsaye, abin da zai bari a ƙasa bai kamata ya wuce buhu ɗaya cikin ɗari ba, ko kusa da haka. Naka ya yi nisa da wannan.

Goyon nan mai gwaguyayyen gindi shi ya gaya mini inda ciwon yake. Kowane layi na heda yana da rola biyu a ƙasa, suna juyawa suna fuskantar juna, su ke cafke kara su fizge shi ƙasa. A samansu akwai faranti biyu na ƙarfe da rata a tsakani. Kara yana wucewa ta ratar, goyo ba ya iya wucewa, sai ya tsinke ya zauna a kan faranti, sarƙa mai haƙora ta kwashe shi ta miƙa wa babban sukurun da ke kwance a baya, shi kuma ya tura shi cikin inji. To in ratar ta yi faɗi, gindin goyo nutsewa yake yi ciki, rola ta same shi ta gurje. Ƙwayar nan ta zube tun ba ta ga cikin inji ba. Ƙananan goyo kuwa sai rola ta ja su ƙasa gaba ɗaya ta murƙushe.

Yawancin hedojin da nake gyarawa na hannu ne, sun ci aiki a wata ƙasa kafin su iso mana. Bakin farantin yana cinyewa daidai inda goyo ke yawan bugawa. Sai ka auna a gaba ka ga lafiya, ka auna a baya ka ga lafiya, a tsakiya kuwa ƙarfen ya yi ciki. Saboda haka wuri uku za a auna a kowane layi, kada a tsaya a layi ɗaya a ce sauran ma haka suke.

Ga yadda nake yi. Ina shiga gonar in yanko kara goma daga wurare daban-daban, in auna kaurinsu daidai tsayin da heda za ta kama. Ratar ta ɗara kaurin karan kaɗan, yadda zai wuce ba tare da an shaƙe shi ba. Littattafan injina da yawa suna farawa daga wajen milimita 28 zuwa 32, daga nan kake ragewa ko ƙarawa gwargwadon karanka. Baya ya fi gaba buɗewa da kamar milimita 3, in ba haka ba kara zai riƙa cushewa. Kuma ratar ta zauna daidai tsakiyar rola biyun, kada ta karkata gefe. In ba ka da abin awo, nemi kan soket ko guntun fayif mai wannan kaurin ka riƙa zura shi. Kada kuma a matse fiye da kima, don a nan kara zai riƙa karyewa yana shiga inji da ganye, raraye su cika da shara, ƙwaya ta koma fita ta baya.

Sai gudu. Na yi lissafi da abin da ka faɗa. Layi huɗu na santimita 75, faɗin hedar mita 3 ke nan. In yana tafiyar kilomita 5 a awa, hekta ɗaya da rabi zai ci in bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ka cire juyawa a bakin gona da tsayawa juye masara, sai ya dawo wajen hekta ɗaya a awa. Shi kuwa ya cinye 8 daga hantsi zuwa kafin la'asar, ka ga ya haura kilomita 7 ke nan. Mai wannan gudun dole ya ƙure wa heda wuta don ta cim ma tafiyar, rola ta riƙa fizgar kara da ƙarfi, goyo ya daki faranti ya yi tsalle. Busasshiyar masara in ta daki ƙarfe haka, ƙwaya ce ke tarwatsewa, wani goyon ma ya yi tsalle ya faɗa waje. Su ne lafiyayyun da ka gani a yashe.

Ka tsaya a gefe nesa kaɗan ka kalli inda goyo ke tsinkewa. Kamata ya yi ya tsinke wajen tsakiyar faranti ko gaba da tsakiya kaɗan ta wajen inji. In tun a bakin shiga yake tsinkewa, rola ta fi tafiyar sauri, a rage mata. In ka ga kara yana sunkuyawa gaba ko ana tumɓuke shi da saiwa, tafiyar ce ta fi rola sauri, direba ya sassauta ƙafa.

Abu na uku ba laifin direba ba ne, Alhaji, sai ka yi haƙuri. Huɗar shanu ba ta tafiya da ma'auni, nan 70, can 90. Heda kuwa 75 ɗinta ba ta motsi. Ɗauka kunyoyinka 85 ne: layukan tsakiya za su kauce da santimita 5, na gefe biyu kuwa da 15 kowanne. Hancin heda sai ya tankwaso karan da ƙarfi kafin ya shiga, goyon da ya bushe wuyansa ya saki ya faɗi. Wannan babu wani ƙarfe ko roba da za ka ɗaura ya gyara shi. Gonar Kauru ta tsira daga wannan tunda falanta ce ta shuka, da sharaɗi ɗaya: injin ya bi sawun falantar. Layi huɗun da aka shuka tare su zai ci tare. Tsakanin zuwan tarakta da dawowarta akwai layin haɗi, wanda tazararsa idon direban tarakta ne ya yanke ta, kada wannan ya faɗo tsakiyar heda.

Burushin da ka gani, akwai wanda ake kira 360 Yield Saver, na wani kamfanin Amurka. Ana ɗaura shi a sarƙar, yana rage ƙarfin faɗuwar goyo, yana kuma share ƙwayar da ta ɓalle ya kai ta baya kafin ta bi rata. Dabara ce mai kyau, kuma a busasshiyar masara irin tamu ta hunturu ya fi amfani. Amma kowane samfurin heda da nasa, yana cinyewa sai an sauya, kuɗinsa da dala ne, ba kuma zai iso maka cikin kwana shida ba. Wannan sayayyar mai inji ce. In ka ɗaura shi a kan farantin da ya buɗe baki da direba mai gudu, an bar jaki ana dukan taiki.

Malamin Gona, Zariya

Oga makanike ya gama magana ta fuskar ƙarfe. Ni abin da zan ƙara, Alhaji, kada ka je wa direba ko mai inji da “na ga kamar”. Je musu da ƙidaya, ita ce ba a musu da ita.

Ka samu sanduna huɗu ka ɗaure su su yi akwati, faɗi santimita 75, tsawo 133. Murabba'in mita ɗaya ke nan, kuma daidai faɗin layi guda. Ƙwayar masara dubu takan yi nauyin wajen giram 300, tana ɗan hawa ko sauka gwargwadon iri. Ƙwaya ɗaya a cikin akwatin nan tana nufin dubu goma a hekta, wato kilo 3. Ke nan duk ƙwaya 33 da ka ƙirga, buhu guda ne mai kilo 100 ya zube a hekta. Goyo kuwa, ka auna tsawon mita 33 a faɗin hedar nan mai mita 3, ya ba ka kusan murabba'in mita 100. Matsakaicin goyo mai ƙwayar giram 150, kowane guda da ka tsinta a wannan fili kilo 15 ne a hekta. Bakwai sun haura buhu. Lambar 33 kawai za ka riƙe, ta ishe ka duka biyun.

Inda za a ƙirga shi ne muhimmi. Fara da masarar da inji bai taɓa ba, ka tsince goyon da ya riga ya faɗi, don kada a ɗora wa direba laifin iska da gara. Sannan inji ya shiga ya yi tafiya sosai da gudun da ya saba, ya tsaya cak, ya ɗaga heda, ya ja da baya kamar tsawonsa. Filin da ya buɗe tsakanin masarar da ke tsaye da inda sharar baya ta fara zuba, heda ce kaɗai ta ratsa shi. Duk abin da ka samu a nan aikin heda ne. Ka aza akwatin a kan kowane layi daban, ka rubuta, a nan za ka gane ko layi ɗaya ne ke yi maka ɓarna. Daga ƙarshe ka ƙirga a bayan inji, abin da ya ƙaru a kan na heda shi ne na ciki, wato na gangar casa da raraye da fanka. A masara galibi na heda ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne babban abin da ke cutar mu a nan. Mun gaji barin masara ta bushe ƙarau a tsaye saboda mai karya da hannu haka ya fi masa sauƙi. Inji ba haka yake so ba. Masara tana gama nuna ne sa'ad da ka ɓalle ƙwaya ka ga baƙin ɗigo a gindinta, danshinta a lokacin wajen kashi 30 cikin ɗari. Daga nan ba ta ƙara nauyi, bushewa kawai take yi. Inji ya fi jin daɗinta a wajen kashi 18 zuwa 22. In hunturu ya busa ta sauko 14 ko ƙasa, taɓa ta kaɗan ƙwaya ta saki, wuyan goyo ya yi rauni, gara kuma tana aikinta a gindi kullum. Na Kauru ta riga ta bushe, ba yadda za a yi, sai dai ka roƙa a shiga da sassafe, lokacin da ɗan sanyin dare ya sa ɓawo ya yi laushi, a huta da tsakar rana, a dawo da yamma.

Badi kuma, tazarar da muke koyarwa ta 75 tsakanin layi da 25 tsakanin shuka, ƙwaya ɗaya a rami, tana ba da tsiro wajen dubu 53 a hekta. Amfaninta ga inji shi ne kara yana fitowa kusan kai ɗaya, goyo ma haka, sai rata ɗaya ta yi wa kowa daidai. Inda aka zuba uku a rami, wani kara kamar rake wani kamar tsinke, duk yadda makanike ya saita faranti sai wani ya kuɓuce.

Maman Khalifa, Giwa

Malam, ina da ja a kan girbi da danshi. Ina noma, ina kuma sayen masara ina ajiyewa, na san abin da kashi 20 ke yi a cikin buhu. Kwana uku ka zura hannu ka ji ɗumi, mako guda ta fara wari, ta yi fumfuna. Masu sayen ta abincin kaji yanzu da na'urar awon danshi suke zuwa, in ta wuce 13 ko 14 su karya farashi ko su juya, ga tsoron gubar afalatoksin da kowa ke magana a kai. Inji zai juye maka buhu ɗari uku a yini ɗaya, a ina za ka shanya su? Tampol nawa gare ka, yara nawa za su riƙa juyawa? Wanda yake da daɓe ko injin busarwa ya bi shawararka. Wanda ba shi da su, kada ya tsere wa asarar buhu uku ya faɗa ta talatin. Ni tsaka-tsaki nake yi, ina shiga tana wajen 16 zuwa 17, kwana biyu a rana ta hunturu ta sauko.

Alhaji, kai kuma ga abin da maza ba su faɗa maka ba. Da hekta ake biyan injin nan, ko ba haka ba? To direba shi ma da hekta ake sallamarsa, kuma akwai mutum biyar a bayanka suna kiran wayarsa. Me zai sa ya yi tafiyar hawainiya a gonarka? Shekarar farko haka aka yi mini, ina tsaye bakin gona ina ɗaga hannu, ko kallona bai yi ba. Yanzu tun kafin inji ya taso nake zama da mai shi mu yi magana: za a tsaya a ƙirga sau uku, za a bi gudun da muka yarda, ƙarin man da aka ƙona ni zan biya. Direba kuma in ce masa in ƙidaya ta yi kyau yana da buhu guda nasa na kansa. Ka ba shi abinci mai kyau, ka kira shi da girmamawa, yaron wani ne shi ma yana neman na kansa.

Masu kala kuma Allah ya saka maka da ka bar su. A wajenmu akasarinsu zawarawa ne da masu riƙon marayu. Ko an gyara inji, bakin gona da kusurwoyi ba sa rasa abin tsinta.

Ɗan Soba

Ni tambaya zan ɗora a kan ta Alhaji. A wajenmu ƙaramin injin shinkafa ne ke zuwa, mai tafiya a kan sarƙar roba, da hedarsa mai wuƙa da wannan abin da ke juyawa kamar fanka. Da ya gama shinkafa sai ya shiga masara da ita. Goyo yana ta faɗuwa gaba, mu bi shi da buhu. Shi ma faranti ne matsalarsa?

Makaniken Kakuri

Ɗan Soba, naka ba shi da faranti ma sam. Hedar shinkafa yanke kara take yi gaba ɗaya, abin da ke juyawar nan kuma dukan masarar yake yi daga sama, goyo ya faɗi kafin wuƙa ta iso. Kamfanoni irin su Kubota suna yin kayan sauyi na masara ga ƙananan injinansu, da dogayen hanci masu raba layi da sassan da ake canzawa a cikin gangar casa. Ka tambayi mai injin ko yana da su. In babu, a rage gudun abin juyawar sosai, a tafi a hankali, amma asarar ba za ta sauko yadda kake so ba.

Alhaji, na manta abin da za ka iya yi cikin kwana shida. Duba bakin kowane layi, akwai 'yan robobi biyu da ke tare goyo kada ya gangaro gaba. A tsofaffin heda sun yage ko babu su. Tsohon bel mai faɗi za a yanka, a huda, a ɗaure da noti, masu ƙira a kasuwar Panteka ta Kaduna za su yi maka cikin awa guda in ka kai musu samfur. Gefe biyu na heda kuma a ƙara musu tsawo da falle ko raga, don goyon layin gefe ya daina tsallakewa. A duba sarƙa kada ta yi sako-sako.

Sashen da ya kwanta: a sauke hanci har ya riƙa shafar kwarin kunya, a kwantar da hedar ta rage tsayuwa, a tunkari masarar ta inda kawunanta suka fuskanto, ko da za a riƙa dawowa wayam. A nan robobin da na ce suna iya hana kwantaccen kara shiga, in ka ga haka a cire su. Akwai wani abin juyawa mai yatsu da ake ɗaurawa a saman heda don kwantacciyar masara, amma in wurin bai fi rabin hekta ba, sa mutane su karya da hannu ya fi maka.

Kuma don girman Allah, in kara ya cushe, kada kowa ya kai hannu inji yana aiki. Rola tana fizgar kara da saurin da kafin ka saki ta riga ta kai hannunka. A kashe inji, a zare makulli, a sa ƙarfen tokare kafin a shiga ƙarƙashin heda. Ku ajiye abin kashe gobara kusa, karmamin hunturu da zafin inji ba sa jituwa.

Baban Sadiya, Saminaka

Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya muka gama Kauru.

Na bi shawarar Hajiya Maman Khalifa, na je har gida na samu mai injin. Da fari ya ɗaure fuska, yana ganin na zo neman ragi ne. Da na ce ni zan biya ƙarin mai da kuɗin makanike, sai ya sake, har ya ce shi ma an sha kawo masa ƙorafi bai san ta inda zai kama ba.

Sadiya ce ta ɗaure mini akwatin da karan dawa da zaren buhu, ita ta riƙe littafi. A masarar da ke tsaye mun tsinci goyo 2 a mita 33. Na ce direba ya shiga yadda ya saba kada ya canza komai. Ya tsaya, ya ja baya, muka durƙusa mu uku muna yaye ɓawo muna tara ƙwaya a hula. Layi na ɗaya 41, na biyu 38, na uku 96, na huɗu 88. In ka raba, buhu biyu ke nan a hekta daga ƙwaya kaɗai. Sabon goyon da ya faɗi kuma 6. A bayan inji abin da ya ƙaru bai kai ƙwaya goma ba. Direban da kansa ya sauko ya ƙirga na layi na uku, ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba, ya je ya ɗauko akwatin sufanu.

Kaurin karanmu milimita 22 zuwa 24 ne. Ratar layi na uku da na huɗu a tsakiya 39 muka samu, ƙarfen ya cinye ya yi ciki kamar bakin tsohuwar lauje, daidai yadda Oga makanike ya faɗa. Aka kwance su aka kai wa mai walda ya yi ciko ya goge, aka mayar, duka huɗun aka sa 28 a gaba 31 a baya. Robobin bakin layi uku ne babu, muka yanka daga tsohon bel ɗin injin niƙa. Wannan ya cinye mana yinin farko ɗungum, ko buhu ɗaya ba mu ɗaure ba, sauran abokan hayar suna ta kira.

Washegari bayan asuba muka shiga, ina tafe a gefe da ƙafa, inji bai wuce ni ba. Ƙidaya ta biyu: 17, 15, 21, 24. Goyo 1. Da rana ta take muka sake gwadawa, sai ga shi ta haura wajen 30 a kowane layi, muka tsaya har bayan la'asar. Malam, maganar sanyin safiya gaskiya ce, da idona na ga bambancin. Bakin rafi mun gwada layi biyu, ga gara ta cinye gindin, kara yana tsinkewa kafin rola ta kama, sai na sa mutum takwas suka karya da hannu. Direba ya tafi da buhunsa, ya kuma karɓi akwatin karan dawar ya ɗaure a bayan kujera.

Maganar burushi na bar wa mai injin, na ba shi sunan, ya ce zai tambaya ko akwai na samfurin hedarsa.

Yanzu abin da ya rage mini gonar farko ce. Mai yi mini huɗa ɗan ƙanin babana ne, shekara 12 shanunsa ke shiga gonar nan, da kuɗin yake sayen takinsa. Ba na son in sallame shi saboda inji. Akwai wanda ya taɓa samun huɗar shanu ta tsaya a 75 daga farkon gona har ƙarshe? Da igiya kuka ja masa layi, ko sanda ake ɗaurawa a jikin garmar tana zana inda kunya ta gaba za ta bi? In akwai maƙerin da ya iya wannan a Saminaka ko Pambeguwa, ina so in kai masa garmar tun rani bai yi nisa ba.